Yadda Ake Saita Amortisan Iska na Keken Hawan Dutse da Kula da Shi a Yamai

Amortisana na farko, wato abin da ke shanye gargadar hanya a bayan keke, hunturu ɗaya ya yi a hannuna ya mutu. Keken na hannu ne, daga Turai aka kawo shi, kuma ranar da na karɓe shi sandar amortisan bayan tana ƙyalli kamar ba a taɓa hawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kusan kowace Asabar sai na fita da sassafe, in ƙetare gadar Kennedy, in ratsa Harobanda, in nufi duwatsun nan uku da ake kira Trois Sœurs. In na dawo sai in jingine keken a tsakar gida da jar ƙurarsa, ban taɓa sa tsumma a sandar ba. Kafin zafin bazara ya kankama, iska ta daina zama a ciki. In cika da dare, da safe in tarar ya kwanta.

Na kai wa wani dattijo makaniki da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan kekuna. Ya juya amortisan a hannunsa, ya bi sandar da farcen babban yatsa, farcen yana sarƙewa a wasu siraran zane-zane da ido bai cika gani ba. Ya ce, "Yaro, ƙasa ce ta cinye maka shi." Na ce, "Baba, ba za ku iya gyara mini ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Roba ana canzawa. Ƙarfen da ya zanu kuwa sai dai sabo." Abin ya yi mini zafi ƙwarai, domin tsumma ɗaya da minti biyu bayan kowace fita sun isa su hana wannan asarar. Tun daga ranar na zauna na koyi abin da zan faɗa maka a nan.

Mu fara da tabbatar da irin amortisan da ke jikin kekenka, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira shokozoba. Yawancin kekunan VTT, wato na hawan dutse, masu araha da ake gani a kasuwa waya ce murɗaɗɗiya a bayansu, ba iska, ba mai. Wannan bayani ba nasu ba ne. Na iska yana da gwangwani mai kauri, da bawul irin na tayar mota a gefe, da sanda mai sulɓi da ke shiga cikin gwangwanin, da wani ɗan zoben roba da ke yawo a kan sandar. Galibi za ka ga jan maɓalli guda, wani lokaci da ɗan hannu shuɗi. Sunayen kamfanonin da aka fi gani su ne Fox da RockShox, sai X-Fusion da Suntour da Manitou.

Abu biyu ne a cikinsa, kuma in ka raba su a kanka, sauran aikin duk mai sauƙi ne. Na farko iskar da ke cikin gwangwani, ita ke ɗaukar nauyinka. Ɗaki biyu gare ta: babba wanda ke tura amortisan ya miƙe, da ƙarami wanda ke taimaka masa ya fara motsi ba tare da tauri ba. Akwai ɗan lotsi a bangon gwangwanin daga ciki, inda iska ke ratsawa daga wannan ɗaki zuwa wancan duk lokacin da fistan, wato faifan da ya raba ɗakunan biyu, ya gifta wurin. Na biyu man da ke cikin sandar, shi ke hana iskar yin abin da ta ga dama. Shi ke kayyade saurin da amortisan zai matse da saurin da zai dawo. Iska da famfo ake saita ta, mai kuwa da maɓallan nan.

Famfon da ya dace

Kada ka kai shi wurin mai faci. Na san bawul ɗin iri ɗaya ne da na taya, kuma tiyonsa zai shiga daram, amma injinsa an yi shi ne don ya zuba iska mai yawa a taya, ba don ya auna ƴar kaɗan mai tsananin matsi ba. Gwangwanin amortisa bai kai kofin shayi ba, matsin da ke cikinsa kuwa ya ninka na tayar mota sau huɗu ko biyar. In ya cire tiyon ma, ƴar iskar da ke fita a wannan ƙiftawar ido ta isa ta ɓata awon gaba ɗaya. Famfon taya na gida ma haka.

Abin da ake bukata ɗan ƙaramin famfo ne na amortisa, mai siririn tiyo da ake murɗawa a bawul, da agogo mai kai wa psi 300, wato wajen bar 20 (psi da bar ma'aunan matsin iska ne), da ɗan maɓallin rage iska. In kana sayen keke na hannu, tambayi mai sayarwa ko famfon ya zo da shi. In babu, ka sa wanda zai zo daga waje ya riƙo maka, ko ku haɗa kuɗi da abokan hawanka ku mallaki guda, don ba kullum ake bukatarsa ba. Ban da famfo, ka tanadi rula mai milimita, da ɗan littafi da biro, da mutum guda da zai riƙe maka keke.

Awon nutso, wanda shi ne tushen komai

In ka hau keke, amortisa yana ɗan nutsewa da nauyinka tun kafin ka taka feda. Wannan nutson shi littattafan kamfanoni ke kira sag. Da gangan ake barinsa, domin hanya ba tudu kaɗai gare ta ba, akwai ramuka. In taya ta zo kan rami, nutson nan ne ke ba amortisan damar miƙewa ya tura tayar ƙasa ta ci gaba da kama hanya. Wanda ya cika iska tam har keke ba ya motsi in ya hau, ya mayar da kekensa jaki mai tsalle, kuma a gangaren marmara mai tsakuwa tayar bayansa za ta riƙa zamewa.

Da farko ka san tsawon tafiyar amortisanka. Ana rubuta girmansa da lamba biyu, misali 210x55. Ta farko tsawonsa ne daga ido zuwa ido, wato ramukan kusa biyu da ke ƙarshensa sama da ƙasa, ta biyu kuma iyakar milimitocin da yake iya matsewa. Ta biyun ce tamu. In ba ka ga rubutun ba, ka sauke iskar duka a hankali, ka tura zoben roba ya manne da bakin gwangwani, ka danna sirdi har amortisan ya kai ƙarshe, sannan ka ɗago ka auna inda zoben ya tsaya. Kada ka dogara da tsawon sandar da ido ke gani, don a wasu amortisan sandar ta fi ainihin tafiyar tsawo da ƴan milimitoci.

Ga yawancin kekunan da ake hawa a hanyoyinmu, nutson da ake nema kashi 25 zuwa 30 ne cikin 100 na wannan tafiya. In tafiyar milimita 55 ce, kashi 30 ya kama 16.5, kashi 25 kuma wajen 14. In 45 ce, tsakanin 11 da 13.5. In 60 ce, kashi 30 ya zama 18. Masu RockShox an sauƙaƙa musu, domin a yawancinsu an zana lambobin kason a jikin sandar.

Sai ka auna nauyinka da duk abin da kake hawa da shi: takalmi, hular kwano, jaka, da ruwa. A nan Yamai ruwan ba ƙaramin abu ba ne, lita uku a baya kilo uku ne cif. Ka ninka kilon da 2.2, abin da ya fito shi ne psi ɗin da za ka fara da shi. Wannan ita ce shawarar farawa da Fox da RockShox duka suke bayarwa. Mai kilo 72 da kayansa zai fara da wajen psi 160, kimanin bar 11. Mafari ne kawai, domin kowane firam da yadda yake danna amortisansa, wani keken zai nemi ƙari sosai, wani ragi.

Kafin ka sa iska, ka mayar da shuɗin hannun nan inda aka rubuta Open, wato a buɗe, ko inda ka ji amortisan ya fi laushi. Ka murɗa tiyon famfo a bawul har allurar agogo ta motsa, ka ƙara rabin murɗi, ka tsaya. Kada ka ɗaure shi da ƙarfi, robar bakin famfon ce za ta lalace. Ka fara bugawa. Duk psi 50 da ka ƙara, ka dakata ka danna sirdi a hankali, amortisan ya shiga kamar rubu'in tafiyarsa, ka sake shi, sau goma. Za ka ji ɗan huci siriri ko ɗan taushi a wani wuri, iska ce ke ratsa lotsin nan zuwa ƙaramin ɗaki, kuma za ka ga allura ta ɗan sauka. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai amortisan ya yi tauri a farkon tafiyarsa su ɗauka lalacewa ya yi. Kuma kada ka wuce iyakar matsin da kamfani ya rubuta, wasu 275 ne, wasu har 350.

In ka kai lambar da kake nema, ka kwance famfon. Za ka ji fis. Kada hankalinka ya tashi, iskar cikin tiyo ce ta fita, bawul ya riga ya rufe. Haka kuma duk lokacin da ka sake ɗaura famfon za ka ga agogo ya nuna ƙasa da abin da ka sa, da psi 10 ko fiye, domin tiyon daga amortisan yake cika. Na ga wanda ya yi wata guda yana neman inda iska ke zuba saboda wannan kaɗai.

Yanzu abokinka ya tsaya a gaba ya riƙe kan keken, tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, a wuri mai shafe. Ka hau da duk kayanka, ƙafa biyu a kan feda, ka yi ɗan sukuwa sau uku ko huɗu don amortisan ya saki jiki, sannan ka zauna yadda kake zama in kana tafiya, ba tare da ka kama birki ba. Ka miƙa hannu a hankali, ko abokin ya yi maka, a tura zoben roba ya manne da bakin gwangwani. Sai sauka, kuma a nan ake ɓata awo. Ka karkata gefe ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa a hankali kamar mai sauka daga kan raƙumi da ƙwarya cike da nono, kada ka ƙara danna sirdin ko kaɗan. Ka ɗan ɗaga sirdin amortisan ya miƙe duka, ka auna daga robar da ta rufe bakin gwangwani zuwa zoben.

In nutson ya wuce abin da kake nema, ƙara psi 10. In bai kai ba, rage 10 da maɓallin famfo, ba da tsinke a bawul ba. Ka danna sau goma, ka sake hawa, ka sake aunawa. In ka matso kusa, ka koma biyar-biyar. Sau uku ko huɗu ya kan isa. In ka samu, ka rubuta lambar psi da milimitocin da kwanan wata a littafinka, ka mayar da murfin bawul.

Ni dai a ganina, ga mai hawa a fako da marmara da gargadar jar hanya irin ta bayan gari, kashi 30 ya fi daɗi, don duwatsunmu ƙanana ne masu yawa, kamun ƙasa muke nema fiye da komai. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, ko mai son gudu a hawa tudu, ya tsaya kusa da 25.

Akwai abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya shafe mu, wato zafi. Iskar da ke rufe a gwangwani matsinta na ƙaruwa in ta ɗumama. Wanda ya sa psi 160 da asubar Janairu, sanyi na wajen digiri 16, in ranar Afrilu ta kai 41 zai tarar da kusan 175 ba tare da ya taɓa famfo ba. Man ciki ma yana tsinkewa da zafi, sai amortisan ya riƙa dawowa da sauri fiye da da. Don haka ka sake awon nutso duk lokacin da yanayi ya juya: shigowar ɗari, shigowar bazara, da faɗuwar damina. Kuma ka yi awon a inuwa, keken ya huce, ba wanda ya yini a rana ba.

Jan maɓalli

Shi ke kula da saurin dawowar amortisa bayan ya matse. A jikin RockShox za ka ga hoton kunkuru a gefe guda da mai kama da zomo a ɗaya gefen, ma'anar a fili take. Ka murɗa shi dama har ya tsaya, ba da ƙarfi ba. Nan ne mafi jinkiri. Sai ka dawo hagu kana ƙirga ƙas, ƙas, har ƙarshe, ka san adadinsu, sannan ka tsaya a tsakiya. Kullum daga rufe ake ƙirga, haka galibi ake yi, don in ka faɗa wa wani lambarka ya gane.

Gwajin da na fi yarda da shi na dakali ne. Ka samu dakali ko bakin titi wanda tsayinsa bai wuce taƙi guda ba, ka sauko daga kansa a hankali kana zaune a sirdi, kada ka miƙe. Ka saurari abin da bayan keken zai yi. In ya nutse, ya dawo, ya ɗan wuce kaɗan ya zauna, daidai ne. In ya yi ta lilo sau biyu ko uku, ko ka ji sirdi na neman cilla ka gaba, ya yi sauri, ka rufe ƙas ɗaya ko biyu. In ya nutse ya taso a kasalance kamar mai tashi daga barci, ya yi jinkiri, ka buɗe. Mai nauyi da ya sa iska da yawa zai bukaci rufewa fiye da marar nauyi, don iskar tasa da ƙarfi take turowa.

Daga nan sai hanya, kuma gargada ce alƙalin gaskiya. A jar hanyar da motoci suka mayar kamar kwanon rufi, kunya bayan kunya, in dawowar ta yi jinkiri, amortisan ba ya gama miƙewa kafin kunya ta gaba ta buge shi. Sai ya yi ta shigewa ciki kaɗan-kaɗan har ya maƙale a wuri mai tauri, ka ji bayanka na karɓar duka. Mai keke sai ya ce iska ta yi yawa, ya rage, abin ya ƙara lalacewa. Maganin shi ne a buɗe jan maɓallin ƙas biyu. Ka zaɓi guntun hanya guda, ka bi ta, ka canza abu ɗaya tak, ka sake bin ta. In ka taɓa iska da maɓalli a lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Shuɗin hannu ba shi da dogon zance. Open na daji ne da gangare, na tsakiya na hawa tudu, Firm ko Lock, wato a kulle, na kwalta. In ka bar kwalta ka tuna ka buɗe.

Bayan fita mai kyau, ka dubi inda zoben roba ya tsaya, shi ke ba da labarin tafiyar. In a hanya mai wuya ya kai kusa da ƙarshe, madalla, haka ake so, kuma kai wa ƙarshe sau ɗaya a babban rami ba laifi ba ne. In nutsonka daidai ne amma kullum sai ka ji ƙum ya buga ƙarshe, kada ka ƙara iska, za ka ɓata nutson. Akwai ƴan robobi da kamfani ke yi don a sa cikin gwangwani su rage faɗin ɗakin iska, sai ƙarshen tafiyar ya yi ƙarfi, farkonta kuma ya zauna da laushinsa. In kuwa zoben ba ya taɓa wuce kashi biyu cikin uku, wataƙila mai keken na farko ya cusa su da yawa, sai a cire ɗaya. Kowane amortisa da irin nasa, kada ka yanko wani abu ka cusa.

Ƙura

Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin tuwo, amma in ta haɗu da ɗan man da ke kan sanda sai ta koma kamar sanfefa. Kowace matsewa tana jan ta zuwa bakin roba, kuma a fita guda amortisa na matsewa sau dubbai. Don haka duk dawowa, kafin ka sha ruwa ka zauna, ka jiƙa tsumma mai laushi, ka ɗauke ƙurar daga sandar da kewayen bakin robar. Kada ka murza busasshiyar ƙura da busasshen tsumma, kai da kanka kake zana ƙarfen. Ka danna sirdi sau uku, za ka ga wani siririn zoben datti ya fito a sandar, ka share shi, ka busar. Da damina, in ka ratsa kori ko taɓo, ka zuba ruwa da buta a hankali ka wanke yashin tukuna.

Kada ka kai keken wurin wankin mota a harba masa ruwan inji, ruwan zai tura yashi ya wuce robar. Kada fetur ko gazuwal ko baƙin mai su taɓa wurin, suna cin roba. Kada kuma ka bar sandar jiƙe da mai da sunan gata, ƙura kake gayyata. Wasu suna naɗe amortisan da tsumma ko tsohon tub don su kare shi, amma yashin da ya shiga ƙarƙashi ba ya fita, yana nan yana gurza. In tayar baya na watsa masa ƙasa, gara ka yanko ɗan falle daga jarkar roba ka ɗaure a firam ya tare. Ka ajiye keken a inuwa, ranarmu tana busar da roba ta tsattsage. In akwai yara a gida, jan maɓalli da shuɗin hannu abin wasa ne a wurinsu, littafin nan naka shi zai mayar da kai inda kake.

Sau ɗaya a mako ka tsaya gefen keken ka ɗaga sirdi a hankali ka sauke. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko kusoshin da suka riƙe amortisan sun saki, ko ƴan bushin da ke cikin idanunsa sun cinye. Ka gwada ɗaurewa da alanki daidai ƙarfin da aka rubuta, ba da dukan ƙarfinka ba. In ƙarar ba ta tafi ba, bushi ne, a canza shi da wuri kafin ya ci idon. In kana zargin zubar iska, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bawul da bakin gwangwani ka jira kumfa. Sau da yawa ƴar allurar cikin bawul ce ta saki, kuma a nan mai faci zai yi maka rana, yana da ɗan makullin da ake ɗaure ta.

Buɗe gwangwani

RockShox sun ce a yi wa gwangwanin iska hidima duk bayan awa 50 na hawa. Fox sun ce cikakkiyar hidima duk awa 125 ko shekara guda. Ni da hunturu ba na bari ya wuce awa 30. Aikin ba shi da wuya a amortisan da gwangwaninsu murɗawa ake yi, irin Fox Float DPS da RockShox Monarch da Deluxe. Ka yi shi a cikin ɗaki, taga a rufe, a kan farin ƙyalle mai tsabta, ba ranar da hazo ya sauko ba.

Ka rubuta psi ɗinka. Ka ɗaura famfo ka sauke iskar kaɗan-kaɗan, kana danna sirdi tsakani don ƙaramin ɗaki ma ya saki tasa. In ta ƙare, ka cire allurar bawul gaba ɗaya. A nan ka tsaya ka duba da kyau: in amortisan ya tsuke ya ƙi miƙewa ko ka ja shi, iska ta maƙale a ƙaramin ɗaki, kuma in ka kwance gwangwanin a haka zai iya fizgewa ya ji maka mummunan rauni. Ka mayar da allura, ka sake cika shi, ka danna ka ja ko zai saki. In ya ƙi, ka bar shi sai wanda ya san aikin. Ko lafiya lau yake, ka sa tabarau, kuma kada fuskarka ta kasance a saitin gwangwanin.

Ka cire amortisan daga firam, ka jera kusoshi da wasosai yadda suka fito, ka ɗauki hotonsu da waya. Ka cire ƙarafunan idon da ke ƙarshen sanda, don ta nan gwangwanin zai fita. Ka kama idon da ke ɓangaren bawul a mamatsin teburi, da katako ko roba mai kauri a tsakani, kada haƙoran ƙarfe su taɓa shi. Ka murɗa gwangwanin hagu da hannu, in yana zamewa ka naɗa guntun tsohon tub ka kama. Filaya ko sifanar famfo kada su kusance shi. Ka zare shi a hankali.

Ka goge cikin gwangwanin da fistan da sandar da ƙyalle marar gashi da alkol mai ƙarfi, ka bari su bushe sarai. Ka haska cikin gwangwanin da tocila ka nemi zane. Ka duba robobin, in sun tsage ko sun daddaɓe ko sun yi tauri, a canza su da na ainihi. Ana sayar da su a ƙunshi guda na kowane amortisa, kuma tunda ba a kowane shago ake samunsu ba, ka sa a kawo maka biyu ka ajiye ɗaya. In za ka ciro tsohuwar roba, ka matse ta da yatsu ta tashi, ko ka yi amfani da tsinken itace, ƙarfe yana zana mazauninta. Ka shafa wa robobin giris mai laushi na amortisa, irin su Slickoleum ko SRAM Butter, ba giris ɗin mota mai kauri ba, kuma kaɗan, don in ya yi yawa yana toshe lotsin da iska ke ratsawa. Sai ka zuba ɗan man da kamfanin ya ambata a cikin gwangwanin, mililita ɗaya zuwa biyu ne galibi, sirinjin famasi ya isa awo.

Wajen mayarwa gwangwanin zai riƙa turo ka, iskar da ta tare a ciki ce. Ka danna shi da ƙarfi har zaren ya kama, ka tabbata ya hau daidai ba a karkace ba, ka murɗa da hannu ya ɗauru sosai. Kada ka manta da zoben roba na awo kafin ka mayar da ƙarafunan ido. Ka ɗaura a firam, ka mayar da allurar bawul, ka cika iska hamsin-hamsin kana dannawa kamar yadda muka yi a farko, ka sake awon nutso. Za ka ji bambancin tun a dannawar farko.

Ɓangaren mai kuwa, wanda ke cikin sanda, ba aikin gida ba ne. Akwai wani ɗan ɗaki a ciki da aka cika da iska ko nitrojin mai tsananin matsi, kuma ƴar kusar da ke rufe da shi ba ta taɓawa ba ce. In ka ji amortisan na yin cakal-cakal kamar mai tafiya a taɓo, ko ka murɗa jan maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ba abin da ya canza, ko mai ya ci gaba da tsiyaya bayan ka goge sau da yawa, to iska ta gauraya da man, lokacin babbar hidima ya yi. Ka daina hawa da shi a haka, ka cire shi, ka rage iskar gwangwanin, ka naɗe sandar da ƙyalle mai laushi, ka haɗa da takarda mai ɗauke da sunan amortisan da girmansa da abin da yake yi, ka ba amintaccen matafiyi ya kai inda ake da kayan aikin.